Grove Karl Gilbert, mutumin da ya bambance ramukan wata da bakunan duwatsu masu aman wuta

Grove Karl Gilbert, masanin duwatsu ɗan ƙasar Amurka wanda ya rasu a shekarar 1918, yana cikin mutanen farko da suka ɗauki ilimin da aka samu daga nazarin doron ƙasa suka auna fuskar wata da shi.

A zamaninsa akasarin masana sun haƙiƙance cewa dubban ramukan da ake hangowa a jikin wata bakunan duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa. Gilbert ya saɓa musu, inda ya kawo hujjojin da ke nuna cewa wasu duwatsu ne suka faɗo daga sararin samaniya suka haƙa su.

Sai da aka shafe fiye da shekaru 70 kafin 'yan sama jannati su kwaso duwatsun wata su tabbatar da maganarsa.

Sai dai kuma shi wannan mutumin ne ya tsaya a bakin wani makeken rami a jihar Arizona, wanda a yau kowa ya amince cewa dutsen sama ne ya haƙa shi, ya yanke hukuncin cewa tururi ne daga ƙarƙashin ƙasa ya fasa wurin. Wannan hukunci nasa ya jinkirta gano gaskiyar lamarin na tsawon shekaru masu yawa.

Tambayar da ya yi ta fama da ita, wato yadda za a rarrabe ramin da wutar cikin ƙasa ta haifar da wanda abu ya faɗo daga sama ya haƙa, ita ce har yanzu masana ke fara amsawa a duk lokacin da suke nazarin tarihin duwatsu masu aman wuta a duniyar Mars da ta Venus da sauran duniyoyi.

Tasowarsa

An haifi Gilbert a ranar 6 ga watan Mayun 1843 a birnin Rochester da ke jihar New York. Mahaifinsa mai zanen hotunan mutane ne, kuma gidan nasu ba na masu hali ba ne.

Ya kammala karatu a jami'ar Rochester a 1862, inda ya fi mayar da hankali kan lissafi da tsofaffin harsunan Turai. Daga nan ya gwada aikin koyarwa a garin Jackson na jihar Michigan, amma ya kasa shawo kan ɗalibansa, sai ya ajiye aikin ya koma gida.

Bayan haka ne ya samu aiki a wurin wani malami mai suna Henry Ward, wanda ke tattara duwatsu da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe yana sayar wa makarantu da gidajen tarihi. Gilbert ya yi kimanin shekaru biyar yana tantance waɗannan kayayyaki yana rubuta musu suna.

A wannan lokaci ne aka tura shi ya taimaka wajen harhaɗa ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar dabba mai kama da giwa, da aka tono a garin Cohoes a 1866. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a can shi ne ramukan da ruwan kogi ya ƙwaƙule a jikin dutse, da kuma tsawon lokacin da ruwan ya ɗauka yana wannan aiki.

A 1869 ya shiga aikin safiyon duwatsun jihar Ohio a matsayin ɗan sa kai.

Shekaru a bayan alfadari

A 1871 Gilbert ya bi ayarin sojan Amurka da ke zana taswirar yammacin ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Laftana George Wheeler. Bayan 'yan shekaru ya koma ayarin John Wesley Powell, wanda ya yi suna saboda ratsa kwazazzabon kogin Colorado da ya yi a cikin kwale-kwale.

Yankin busasshe ne, babu dazuzzukan da za su rufe ƙasa, saboda haka shimfiɗun duwatsu suna fili kamar shafukan littafi. Gilbert ya riƙa yin watanni a bisa alfadari yana awo yana zane.

A 1875 da 1876 ya yi nazarin tsaunukan Henry da ke Utah, inda ya gano wani abin da ba a bayyana shi sosai ba kafin lokacin. Narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, amma bai fito waje ba. Ya kutsa ne tsakanin shimfiɗun duwatsu, ya tura na sama suka kumbura kamar ƙwarya a kife, sannan ya daskare a can ciki. Rahoton da ya fitar a 1877 ya zama littafin da ɗaliban wannan fanni ke karantawa har yau.

Bayan an kafa hukumar binciken duwatsu ta Amurka a 1879, ya zama ɗaya daga cikin manyan jami'anta.

Babban aikinsa na gaba shi ne kan wani tafki da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda ya sanya wa suna Bonneville. Tafkin ya taɓa mamaye kimanin murabba'in kilomita dubu 50, zurfinsa kuma ya haura mita 300. Tafkin gishirin da ke Utah a yau ragowarsa ne.

Da ya auna tsofaffin gaɓoɓin tafkin da suka bar shaida a jikin tsaunuka, sai ya ga na tsakiya sun fi na gefe tudu, alhali kuwa ruwa a kwance yake barin alama. Ya bayyana cewa nauyin ruwan ne ya danne ɓawon ƙasa, da ruwan ya ƙafe kuma sai ƙasar ta sake tasowa. An buga wannan aiki a 1890.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya gamu da babban rashi. Ya auri Fannie Porter a 1874, suka haifi 'ya'ya uku. 'Yarsu Bessie ta rasu a 1883 sakamakon cutar mashaƙo, matar tasa kuma ta yi ta fama da rashin lafiya har zuwa rasuwarta a 1899.

Mece ce kaldera?

Domin fahimtar muhawarar da Gilbert ya shiga, akwai buƙatar sanin abin da masana ke kira kaldera.

Kalmar dai ta samo asali ne daga harshen Spaniyanci, ma'anarta kuma babbar tukunya. Wani masani Bajamushe, Leopold von Buch, shi ne ya shigar da ita cikin ilimin duwatsu bayan ziyarar da ya kai tsibiran Canary a 1815.

A ƙarƙashin dutse mai aman wuta akwai wani wuri mai kama da rumbu, inda narkakken dutse ke taruwa. Idan dutsen ya amayar da abin da ke cikin rumbun, ko kuma narkakken dutsen ya sulale ta gefe, sai a bar rufin ba abin da ke tallafe da shi. Daga nan sai ƙololuwar dutsen ta rufta ciki, a samu wani faffaɗan kwari mai tsayayyun bango. Wannan kwari shi ne kaldera.

An ga irin haka ƙiri-ƙiri a 2018 a dutsen Kilauea na tsibirin Hawaii, lokacin da wani sashe na ƙololuwarsa ya nutse da kimanin mita 500 a cikin watanni uku.

Tun a 1846 wani masani Ba'amurke, James Dana, ya kwatanta ramukan wata da wannan kwari na Kilauea. Tun kafin shi ma, a 1665, Robert Hooke na Ingila ya gwada jefa harsasai a cikin taɓo ya ga sun bar ramuka irin na wata, amma ya yi watsi da sakamakon domin bai ga inda irin waɗannan duwatsu za su fito a sararin samaniya ba.

Shi kuwa Gilbert ya san kaldera sosai, domin abokin aikinsa Clarence Dutton ya yi nazarin duwatsun Hawaii a 1882, ya kuma auna zurfin tafkin da ke cikin wata kaldera a jihar Oregon a 1886.

Ramin Arizona

A watan Agustan 1891, a wani taron masana a birnin Washington, Gilbert ya ji labarin gutattsarin ƙarfen sama da aka tsinta a kewayen wani rami a hamadar Arizona, wanda a lokacin ake kira Coon Butte. Faɗin ramin ya kai kimanin mita 1,200, zurfinsa kuma mita 170.

Nan take ya yi zaton cewa wani ƙaton ƙarfe ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, kuma yana binne a ƙarƙashinsa. A ƙarshen shekarar ya tafi wurin tare da wani ma'aikacin safiyo mai suna Marcus Baker, suka yi kimanin makonni biyu suna awo.

Gwaji biyu ya shirya. Na farko, idan har akwai ƙaton ƙarfe a binne, to ya cike wani sashe na ramin, don haka tarkacen da aka watso waje ya kamata ya fi girman ramin da ya rage. Na biyu kuma, ƙarfe mai wannan girma dole ne ya karkatar da allurar maganaɗisu.

Duka gwaje-gwajen biyu sun saɓa wa zatonsa. Tarkacen ya zo daidai da girman ramin, allurar kuma ba ta nuna komai ba.

Gilbert ya bi abin da awon ya nuna, ya ajiye ra'ayin da ya zo da shi. Ya ce mai yiwuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya haɗu da zafin narkakken dutse, tururin ya fashe. Akwai kuwa ɗaruruwan tsofaffin duwatsu masu aman wuta a yammacin wurin, abin da ya ƙara wa wannan bayani ƙarfi.

A wata lacca da aka buga a 1896, ya yi amfani da wannan bincike a matsayin darasi ga matasan masana, cewa wajibi ne mai bincike ya jera dukkan bayanan da za su iya yiwuwa, ya gwada kowanne, ba tare da ya fifita wanda zuciyarsa ta fi so ba.

Abin da bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a lokacin, shi ne abin da ke faruwa idan abu ya daki ƙasa yana gudun fiye da kilomita 12 a cikin daƙiƙa guda. A irin wannan gudu dutsen kan tarwatse ne kamar bam. Ƙarfen da ya haƙa ramin Arizona kimanin shekaru dubu 50 da suka wuce, faɗinsa bai wuce mita 50 ba, kuma akasarinsa ya narke ko ya watse.

Darare 18 yana kallon wata

Duk da sakamakon Arizona, Gilbert bai bar tunanin wata ba. Daga watan Agusta zuwa Oktoban 1892 ya yi darare 18 yana duban wata ta babban madubin hangen nesa na rundunar sojan ruwan Amurka da ke Washington, mai faɗin santimita 66.

Lokacin bai yi wa hukumarsa daɗi ba, domin a shekarar ce majalisar dokokin ƙasar ta zaftare kuɗin da ake ba ta. Har wani ɗan majalisa ya yi shaguɓen cewa hukumar ta rasa aikin yi, tun da ɗaya daga cikin manyanta ya koma kwana yana kallon wata.

Gilbert ya ɗauki nau'o'in duwatsu masu aman wuta na duniya ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta su da abin da ya gani.

Irin dutsen Vesuvius na Italiya, bakinsa ƙarami ne, yana can bisa ƙololuwa, kuma gindin ramin ya fi filin da ke kewaye tudu. Ramukan wata kuwa gindinsu na ƙasa da filin da ke zagaye da su.

Kalderar Hawaii ta fi kama da na wata, amma ita ma a kan wani ƙaton tsauni take zaune, wanda narkakken dutse ya gina a hankali. Ramukan wata a fili suke, ganuwa ta kewaye su, da yawansu kuma suna da tsauni a tsakiya. Ga kuma girma: faɗin ramin Copernicus ya kai kimanin kilomita 93, na Clavius kuma ya haura 200.

Ya kuma yi gwaje-gwaje, yana jefa curin yumɓu a cikin taɓo, yana harba harsashi a cikin yashi da laka, domin ganin siffar ramin da za su bari.

Babban abin da ya gano shi ne wasu dogayen kwaruruka da tsage-tsage a faɗin fuskar wata, waɗanda idan aka bi su duka suna komawa ne wuri guda, wato wani baƙin fili mai suna Imbrium, wanda faɗinsa ya haura kilomita 1,000. Ya ce wani ƙaton abu ne ya daki wurin, tarkacen da ya watsu ya yi ta karce ƙasa ta kowace fuska.

Ya gabatar da sakamakon a watan Disambar 1892, aka kuma buga shi a 1893 da sunan The Moon's Face, wato Fuskar Wata.

Abu guda ya ba shi wahala. Kusan duk ramukan wata a zagaye suke, alhali a gwajinsa abin da ya faɗo a karkace yakan bar rami mai tsawo. Domin warware wannan, sai ya kawo ra'ayin cewa a da akwai zoben ƙananan duwatsu da ke kewaya duniya, kamar na duniyar Saturn, waɗanda suka riƙa faɗa wa wata a tsaye. Masana ba su karɓi wannan ba. Sai a wajajen shekarun 1916 zuwa 1924 ne wasu masu bincike, ciki har da Ernst Opik na Estoniya da Charles Gifford na New Zealand, suka nuna cewa fashewa ce ke haƙa ramin, ita kuwa fashewa zagayayyen rami take bari ko ta wace kusurwa dutsen ya zo.

Ƙarshen rayuwarsa

Masana taurari ba su kula da takardar Gilbert ba, domin a mujallar da ba su saba karantawa ba aka buga ta, kuma shi ba ɗan fanninsu ba ne. Shi ma ya koma ga ayyukansa na doron ƙasa.

A 1899 ya bi wani ayarin masana zuwa Alaska, inda ya yi nazarin kogunan ƙanƙara. A 1900 ƙungiyar masana duwatsu ta birnin London ta ba shi lambar Wollaston, wadda ita ce mafi girma a wurinta. Sau biyu ana zaɓensa shugaban ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka, a 1892 da 1909.

Yana garin Berkeley lokacin da girgizar ƙasa ta rugurguza birnin San Francisco a ranar 18 ga watan Afrilun 1906, ya kuma kasance cikin kwamitin da ya binciki musabbabinta.

Abin da ya kai shi California kuwa shi ne rikicin da ke tsakanin masu haƙar zinariya da manoma. Masu haƙar sun yi shekaru suna rusa tsaunuka da ƙarfin ruwan famfo, yashi da tsakuwa suka cike koguna suka binne gonaki, har kotu ta taka musu burki a 1884. Gilbert ya gina magudanan gwaji a jami'ar California, ya auna yadda ruwa ke ɗaukar yashi, ya kuma bi sawun tarkacen tun daga tsaunuka har bakin teku. Rahotanninsa biyu sun fito a 1914 da 1917.

Ya gamu da bugun jini a 1909, abin da ya rage masa ƙarfi. Ya rasu a ranar 1 ga watan Mayun 1918 a garin Jackson, inda ya fara aikin koyarwa, saura kwanaki biyar ya cika shekaru 75. A lokacin yana shirin auren Alice Eastwood, wata masaniyar tsirrai a San Francisco.

Hukuncin tarihi

Tun Gilbert na raye, wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Daniel Barringer ya ƙalubalanci hukuncinsa kan ramin Arizona. Daga 1903 ya yi ta haƙa yana neman ƙarfen da ya yi imanin yana binne, har ya ƙarar da akasarin dukiyarsa, ya rasu a 1929 bai same shi ba.

Barringer ya yi daidai kan asalin ramin, amma girman sunan Gilbert ya sa masana da dama suka ƙi saurarensa. Sai a 1960 ne Eugene Shoemaker da Edward Chao, ma'aikatan hukumar da Gilbert ya yi wa aiki, suka gano a cikin ramin wani ma'adini mai suna coesite, wanda ba ya samuwa sai da matsin da ya fi ƙarfin duk wani dutse mai aman wuta. Wannan ya rufe muhawarar.

A game da wata kuwa, kumbon Apollo 14 ya sauka a 1971 a kan tarkacen da ya watso daga Imbrium. Duwatsun da aka kwaso sun nuna alamun mummunan karo, an kuma ƙiyasta cewa abin ya faru ne kimanin shekaru miliyan 3,900 da suka wuce.

Duk da haka masu ra'ayin aman wuta ba su tashi a tutar babu ba. An gano cewa baƙaƙen filayen da ido ke gani a fuskar wata narkakken dutse ne da ya ɓullo daga ciki, ya cike manyan ramukan bayan an daɗe da haƙa su.

Kalderar duniyar Mars

Kalderar da aka yi ta nema a wata, sai ga ta an same ta a duniyar Mars.

Lokacin da kumbon Mariner 9 na Amurka ya isa can a watan Nuwamban 1971, ya tarar guguwar ƙura ta lulluɓe duniyar baki ɗaya. Wasu ɗigo huɗu kawai ake gani. Da ƙurar ta fara lafawa, sai aka ga ƙololuwar tsaunuka ne da suka zarta ƙurar tsawo, kowanne da rami a kansa.

Alamomin da Gilbert ya zayyana su ne aka duba. Ramukan suna bisa tsaunuka, ba su da ganuwar tarkace a kewaye, kuma wasu sun rufta a cikin wasu. Babu shakka kaldera ce.

Mafi girma a cikin tsaunukan shi ne Olympus Mons, mai faɗin kimanin kilomita 600 da tsawon fiye da kilomita 21, wato ya ninka tsaunin Everest fiye da sau biyu. A ƙololuwarsa akwai kwaruruka shida da suka rufta a lokuta daban-daban, waɗanda a haɗe suka kai kimanin kilomita 60 a faɗi da 80 a tsawo, zurfinsu kuma ya kai kilomita 3. Kalderar tsaunin Arsia Mons ita kaɗai ta kai kilomita 110. Ta dutsen Mauna Loa na Hawaii kuwa ba ta wuce kilomita 3 da 5 ba.

Masana na danganta wannan girma da abubuwa biyu. Ɓawon Mars ba ya tafiya kamar na duniyarmu, don haka dutse kan zauna a kan tushen wuta guda na ɗaruruwan miliyoyin shekaru yana ƙara girma. Sannan ƙarfin da ke jan abubuwa ƙasa a can bai kai rabin na duniyarmu ba.

Wajen sanin shekarun waɗannan kwaruruka, ramukan karon da Gilbert ya bayyana ne suka zama agogo. Wurin da ya daɗe a fili ya fi tara ramuka, sabon wuri kuwa ramukansa kaɗan ne. Da aka ƙirga ramukan da ke cikin kalderar Olympus Mons a hotunan kumbon Mars Express na hukumar binciken sararin samaniya ta Turai, wanda ya isa can a ƙarshen 2003, an ƙiyasta cewa sun rufta ne tsakanin shekaru miliyan 350 zuwa miliyan 150 da suka wuce. Wasu tsofaffin kaldera da ke kudancin Mars kuwa, kamar Tyrrhena da Hadriaca, sun haura shekaru miliyan 3,000.

Venus da Io

A duniyar Venus, wadda Hausawa ke kira Zara matar wata, gajimare ne ke hana ganin ƙasa. Kumbon Magellan ya zana taswirarta da na'urar rada daga 1990 zuwa 1994, ya nuna dubban duwatsu masu aman wuta da kaldera masu yawa, amma ramukan karo ba su wuce kimanin 1,000 ba. Ƙarancinsu ya nuna cewa narkakken dutse ya sake shafe fuskar duniyar a cikin 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekarun da suka gabata.

A 2023 wasu masu bincike da suka sake duba tsofaffin hotunan Magellan sun ba da rahoton cewa wani baki a jikin tsaunin Maat Mons ya ƙara faɗi tsakanin watan Fabrairu da Oktoban 1991.

A Io kuma, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupiter, kumbon Voyager 1 ya ɗauki hoton dutse yana cikin aman wuta a watan Maris na 1979. Ba a ga ramin karo ko guda a Io ba, domin aman wuta na binne su. Kwarin Loki da ke can, mai faɗin kimanin kilomita 200, tafki ne na narkakken dutse.

Nahiyar Afirka ma na da nata kason a wannan bincike. Masana sun kwatanta dutsen Emi Koussi da ke tsaunukan Tibesti a arewacin Chadi, mai kaldera a ƙololuwarsa, da tsaunin Elysium Mons na Mars. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Ghana kuma an daɗe ana muhawara a kansa irin wadda aka yi kan ramin Arizona, kafin a tabbatar cewa dutsen sama ne ya haƙa shi kimanin shekaru miliyan guda da suka wuce.

An sanya wa wani rami a wata da wani a Mars sunan Gilbert. Tun daga 1983 kuma ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka ke ba da wata lambar yabo da sunansa ga wanda ya yi fice a nazarin duwatsun sauran duniyoyi.

Wanda ya fara karɓar lambar shi ne Eugene Shoemaker, mutumin da ya gyara hukuncin da Gilbert ya yanke a kan ramin Arizona.